Farar Wuta a Maƙerar Baba Mati

A shekarun nan na tsuke bakin aljihu da suka biyo bayan fari, lokacin da kamfanonin Bompai suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, Iliyasu ya dawo Kukar Maƙera a bayan wata a-kori-kura. Shi ne da matarsa Asama'u, da 'ya'yansu mata biyu, da katifa, da ƙafar keken ɗinki wanda tuni yunwa ta ci kansa. Ƙauyen yana can gefen Bici, irin ƙauyukan nan da gonar wannan take cikin ta wancan, ko tsakuwa ka jefa sai ta faɗa a dawar wani. Mutane suka fito suna yi masa barka da zuwa, yana amsawa. Bai yi fushi ba, bai yi ƙorafi ba, ko tsaki ba wanda ya ji ya yi. In ka tambaye shi ya aiki, sai ya ce an rufe, kamar yana ba ka labarin shagon wani.

Shi dai maraya ne tun yana goye. Da aka zo rabon gonar kakansa tsakanin baffanni da 'ya'yan baffanni, abin da ya faɗo hannunsa bai fi a shuka kuɓewa a zagaye da rama ba. Wani malamin firamare ne ya lura yaron yana da hannu, komai ya taɓa sai ya kwance shi ya mayar, ya yi ta faɗi-tashi har ya tura shi makarantar koyon sana'a. Daga can wani kamfanin zubin alminiyam ya ɗauke shi, masu yin tukwane da ludaya da bakin taga. Ba a daɗe ba aka mayar da shi ɗakin gwaji.

Aikin ɗakin gwaji ba na ƙarfi ba ne, na haƙuri ne da ido. Duk ƙarfen da aka kawo, kafin ya ga wuta sai ya bi ta hannun Iliyasu. Ya kankare gefensa, ya auna nauyinsa, ya ɗiga masa ruwan magani ya ga yadda zai yi, in ta kama ya karya guda ya duba ƙwayar karayar. Sannan ya je ya faɗi abin da ya gani, ba abin da ake son ji ba. Shugabansa wani dattijo ne mutumin kudu, siriri, mai faɗan tsiya, amma ya san aiki. Abu ɗaya ya fi nanata musu, cewa a bakin wuta babu babba babu yaro, duk wanda ya ga haɗari ya buɗe baki ya yi tsawa, a yi sulhu daga baya. Kuma Iliyasu ya ɗauka. Akwai ranar da manajan kamfanin kansa ya shigo daga ruwan sama da jiƙaƙƙiyar lema, ya nufi inda narkakken ƙarfe yake. Iliyasu ya daka masa tsawa, ya kama kwat ɗinsa ta baya ya fizgo shi har maɓalli ya tsinke. Da aka yi wa manajan bayanin abin da ɗigon ruwa yake yi wa narkakken alminiyam, a gaban kowa ya ba shi hannu. Iliyasu ya daɗe yana ba da wannan labarin, amma tun da ya dawo ƙauye ya daina.

To, da ya dawo ɗin ina zai sa kansa? Ɗakin ubansa ya daɗe da zama kangon da awaki ke kwana. Surukinsa ne, Baba Mati, uban Asama'u, ya sa aka gyara musu ɗaki a bayan gidansa, aka fasa musu ƙofa daban don kada su riƙa haɗuwa a zaure. Alheri ne, ba wanda zai ce ba alheri ba ne. Amma kai ma ka san abin da ake nufi da magidanci ya zauna a gidan surukai, a ci da shi, a ci da 'ya'yansa. Kunyar da ake yi wa suruki a ƙasar nan dama ba ƙarama ba ce, sai ta Iliyasu ta ninka. In ya hango tsohon daga nesa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kai a ƙasa, har ya wuce. Ba ya cin abinci inda zai gan shi, ba ya faɗin sunansa, akwai ma wani mahauci mai suna Mati da ya koma kira mai sunan Baba. Shi ma tsohon ba ya yi masa magana kai tsaye. Ko suna tsakar gida ɗaya, sai ya kalli bango ya ce a gaya wa Malam kaza, wato Iliyasu, matarsa Inna Hure ta gaya wa Asama'u, Asama'u ta gaya wa mijinta abin da ya riga ya ji da kunnensa. Amsar ma ta nan take komawa.

Baba Mati maƙeri ne ɗan maƙeri, gajere, mai faɗin ƙirji, hannunsa duk kanta. Da ƙuruciyarsa, in ana wasan maƙera, shi ne mai ɗauko jan ƙarfe daga wuta ya goga a hannu ya lasa, mata suna guɗa. Yana cikin waɗanda suka yi imani har zuci cewa wuta baiwar gidansu ce, ba ta taɓa jinin maƙeri sai in ya ci amana. Ba mugu ba ne. Yana da kyauta, yana da barkwanci, yana goya jikokinsa a wuya ya zaga da su unguwa. Amma ka ce masa ya yi hankali da wuta? Wannan kam ka zage shi, ka zagi ubansa da kakansa.

Shekarun ba su bar maƙera ba su ma. Manomi ya daina sayen sabuwar fartanya, sai dai ya kawo tsohuwar da ta cinye a ɗan buga mata baki. Wata rana a wuni ba a hura wuta ba. Tukwanen kanti kuwa sun fi ƙarfin kowa, mata sun koma tukunyar ƙasa suna ƙorafin tana cin itace. Iliyasu ne ya ga cewa da za a samu tsofaffin kayan alminiyam a narka, a zuba tukwane, da an samu na tuwo. Ya gaya wa Asama'u, ta gaya wa Inna. Inna Hure kuwa ta yi shekara da shekaru tana zama da mutumin nan, ta san ta inda ake shigarsa. Ba ta ce Malam ya ce ba. Tana tankaɗe ta ce ita fa ta ji ana cewa maƙeran birni har tukunya suke zubawa yanzu, ko da yake ba kowane maƙeri ne zai iya ba. Kwana kaɗan Baba Mati ya kalli bango ya ce a gaya wa Malam ya yi wani tunani, zai fara zubin tukwane, in Malam yana da sarari ya taimaka da ƙasar zubi. Ka ji fa. Asama'u ta shigo ɗaki tana dariya har da riƙe ciki, shi kuwa Iliyasu ya ce to, madalla.

Haka aka raba aikin. Iliyasu yana bayan zana a ƙarƙashin wata rumfa, yana tankaɗe ƙasa, yana danna ta a akwatin katako, yana fitar da siffar tukunya. Wuta kuwa ta Baba ce, ba mai taɓa ta. Shi ke zuba gawayi, shi ke juya ƙafar keken hawa da aka ɗaura wa fanka a madadin zuga-zugi, shi ke jefa ƙarfe a kaskon narki, shi ke zubawa. In akwatuna sun shirya Iliyasu ya jera su a bakin zana ya koma, tsohon ya zo ya ɗauka. Tukwanen suka yi kyau, ba rami ba yoyo, dillalai suka fara zuwa daga Bici. Gidan ya koma ɗora tukunya sau biyu a rana. Asama'u ta fara murmurewa, yaran suka daina kukan dare. Iliyasu ya ga duk wannan, ya san abin farin ciki ne, amma farin cikin bai shiga ba. Tun ranar da aka kulle ƙofar kamfani aka ce kowa ya kama gabansa, wani abu ya mutu a ƙirjinsa. Yana ci, yana salla, yana aiki, shi ke nan.

Ana nan, wata rana Usaini ɗan gwangwan, wanda yake zaga garuruwa yana tattaro musu tsofaffin ƙarafa, ya turo amalanke yana washe baki. Ya ce yau ya kawo kayan arziki, ɓawon injin motar nan Bitil mai ƙirar kunkuru, har guda uku. A shekarun nan motocin malaman makaranta da akawuna duk sun mutu a gindin bishiya don ba a iya sayen kayan gyara, ana ta yanka su ana sayarwa. Baba Mati ya ji daɗi, ya ce wannan ai tukwanen biki za su yi, manya. Aka jibge su a gefen maƙera.

Da tsohon ya tafi masallaci Iliyasu ya fito, don dama haka yake yi da duk kayan da aka kawo, hannu ya riga ya saba. Ya ɗaga guda ya ji bai kai nauyin da ya kamata ba. Ya kankare gefe da zarto, ya shiga gida ya karɓo lemun tsami wurin Asama'u, ya matsa a wurin. Sai ga kumfa tana tashi sir-sir-sir. Alminiyam ba ya yin haka. Ya gwada na biyu da na uku, duk kumfa. Wannan wani ƙarfe ne da ake kira maganiziyam, a ido ba ka raba shi da alminiyam, amma in ya narke a buɗaɗɗen kasko kamawa yake da wuta shi kansa, wata farar wuta da ido ba ya iya kallo. In kuma aka watsa mata ruwa ba mutuwa take ba, fashewa take yi. Busasshen yashi kawai ake binne ta da shi. Iliyasu ya taɓa ganin ta sau ɗaya a kamfani, guntun da bai kai tafin hannu ba ne ya kama, amma sai da kowa ya fice daga ɗakin.

Ya tsaya da ɓawon lemun a hannu. Baba kuwa maƙerin baƙin ƙarfe ne, duk rayuwarsa ruwa abokin aikinsa ne. Ga kwamin ruwa nan a gefen uwar maƙera, ga ƙwarya a ciki, in wuta ta yi ƙarfi hannunsa da kansa yake kai wa ƙwaryar, ba sai ya yi tunani ba. Iliyasu ya san abin da zai faru kamar an riga an yi a gabansa. Idon tsohon nan ne, ko ma ransa.

Ya gaya wa Asama'u komai, bai rage ba. Ya ce ƙarfen nan zai kama da wuta, in ya kama Baba zai zuba ruwa, in ya zuba zai fashe masa a fuska. Tana tsinke zogale ta tsaya.

“Yanzu ni zan je in ce wa Baba wuta za ta ci shi? Kuma in ce kai ka faɗa?”

“Ki faɗa yadda na faɗa miki.”

Ta dai je. Ta ce wa Inna Malam ya ce kayan Usainin nan suna da haɗari a wuta, kuma ba sa son ruwa. Inna Hure ta saurare ta har ta gama. Ta san mijinta, ta san kuma yadda unguwa za ta ɗauka in aka ji cewa surukin da aka ba ɗaki, aka ba tuwo, yau shi ne yake koya wa Mati wuta. Tsoron auren 'yarta ta ji, ba wani abu ba. Da ta kai wa tsohon fura ta ce Malam yana ganin kamar kayan wannan karon ba su kai na da kyau ba, ko za a ɗan jinkirta da su. Baba Mati ya yi dariya ya ce yaran birni da tsirfa, ƙarfe fari tas haka? A gaya wa Malam an gode da kulawa.

Amsar ta dawo, Iliyasu ya ce to.

Ba wai zama ya yi ba, kada a zalunce shi. Da asuba ya kwashe ɓawon injin ya kai bayan rumbu ya rufe da kara. Kafin hantsi tsohon ya gano su, ya dawo da su, yana faɗan cewa ɓarayi sun fara shigo masa gida, har ya ce zai sa a yi cigiya a masallaci. Iliyasu yana bayan zana yana ji, kunnensa ya yi zafi. Ya ɗebo busasshen yashi ya tara a gefen murhu, ya ja kwamin ruwan ya kai can nesa. Tsohon ya mayar da kwaminsa inda yake tun zamanin ubansa, ya ce a gaya wa Malam ya manta yashinsa a hanya, aka share shi zuwa gindin katanga. Iliyasu ya ce bari ya je wurin liman, ko shi zai iya faɗa wa tsohon. Ya je, ya gaisa, suka yi maganar damina da tsadar taki, liman ya yi ta yabon Baba Mati da irin riƙon da ya yi masa, yana cewa irin wannan suruki sai an tona. Iliyasu ya ce wallahi haka ne, ya yi sallama ya taso.

Wannan shi ne abin da yake ba ni haushi a labarin nan. Mutumin da ya fizgo manaja da kwat! Tsoron yana nan, yana jin sa, amma kamar a jikin wani yake. Kullum sai ya ce gobe zai sami hanya. Ya kwanta, ya tashi, ya tankaɗe ƙasa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, kuma da baƙi. Wasu tsofaffin maƙera biyu abokan Baba sun zo daga ƙauyen gaba don su ga zubin da ake ta labari, ga kuma wani dillalin tukwane. An shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Tsohon yana cikin nishaɗi, ya tuɓe riga, ya farfasa ɓawon inji ɗaya da masaba, yana jefa gutsattsarin a kasko yana ba su labarin yadda tunanin zubi ya zo masa. Iliyasu yana jin ƙarar kowane guntu daga bayan zana. Sai ya ga ya miƙe. Ya zagayo, ya tuɓe takalmi, ya zo har kusa da murhu ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba.

“Baba.”

Tsohon ya waigo da mamaki, ƙafar keken tana juyawa a hannunsa. Baƙin suna kallon wannan suruki mai ladabi. Iliyasu ya ɗaga kai kaɗan, ya ga furfurar ƙirjin tsohon, ya ga abokansa biyu da suka san shi tun yana lasar jan ƙarfe. Maganar tana bakinsa, a shirye, kalma bayan kalma.

“Sannu da aiki,” ya ce.

“Yauwa, Malam. Sannu kadai.”

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce kai, Mati, ka yi dacen suruki. Iliyasu bai tashi ba. Yana nan durƙushe yana kallon kasko.

Da farko wani farin hayaƙi ne ya fara tashi, sai tartsatsi ɗaya, biyu, sai gaba ɗaya bakin kaskon ya kama. Hasken ya fi na walda, da rana ne amma sai da inuwar mutane ta fito a bango. Baƙin suka yi baya suna salati, dillalin ya bar takalmansa. Baba Mati bai ja da baya ba. Maƙeri ya guji wuta a maƙerarsa, a gaban baƙi? Ya kare ido da hannu ɗaya, ɗayan ya kai ga ƙwarya. A nan ne muryar ta fito, muryar nan ta kamfani, har mata a cikin gida suka ji.

“Kada ka zuba!”

Ruwan ya riga ya bar ƙwaryar. Aka ji tas, kamar an fasa dutse, farin ƙarfe ya watsu ko'ina, rumfar ta kama. Iliyasu ya shiga ya kama tsohon ta hammata ya jawo shi waje, ya koma da kwando yana ɗebo yashin gindin katanga yana binne kaskon, yana hana masu gudowa da bokiti. Duk abin da ya kamata a yi ya yi shi, a tsare. Sai da wutar ta lafa ya lura gefen hannunsa ya saluɓe. Tsohon yana kwance a ƙasa, tafukansa a kan fuska, ba ya ihu, yana ta tambaya wa ya tone masa wuta.

Aka kai shi asibiti a birni. Rai ya yi saura, fuskar ma ta warke da tabo, amma idanun duka biyu sun tafi. A ƙauye aka yi ta magana. Wasu suka ce wani maƙeri ne ya yi masa asiri don hassadar tukwane, wasu suka ce motar da aka ciro injin ta taɓa kashe mutum. Usaini ya daina biyowa ta garin. Iliyasu kuwa yabo ya sha, ana cewa ba don shi ba da gidan duka ya ƙone, har mai unguwa ya zo ya yi masa sannu da hannu. Ya amsa, ya ce yin Allah ne. A cikin gida ba a taɓa tayar da maganar ba. Inna Hure ta daina haɗa ido da 'yarta, Asama'u ta daina dariyar nan tata, in ta kawo masa tuwo ta ajiye ta fita. Su ukun kowa ya san inda maganar ta rage a bakinsa, kuma ba wanda yake da ƙarfin zargin wani.

Ciki kuwa ba ya jira. Iliyasu ya gyara rumfa, ya nemo wani kaskon, ya karɓi wuta, don ba wani. Ya zama shi ne mai ƙasa, shi ne mai narki, shi ne mai zubi. Duk guntun ƙarfen da zai shiga kasko sai ya kankare shi ya matsa masa tsami, ko da marfin tukunya ne da kowa ya san menene. Sauran ɓawon injin biyu ya haƙa rami a bayan gari ya binne. Tukwane suka ci gaba da fita, dillalai suka ci gaba da zuwa. In an ce masa aiki ya yi kyau ya ce to, in an ce an sami mai yoyo ya ce to, a kawo a sake.

Da tsohon ya sami ƙarfin jiki sai ya ce shi ba zai zauna a ɗaki kamar mai jego ba, a riƙa kai shi maƙera. Kullum da safe Inna Hure ta riƙo hannunsa ta zaunar da shi a kan buzu, jikin ginshiƙin rumfa, ta koma. Yana zaune yana sauraro. Da kunne yake gane gawayi ya kama ko bai kama ba, wani lokaci ya ce wa iska a ƙara iska, Iliyasu ya ƙara. Haka suka yi damina, su biyu, ba mai ce wa wani uffan.

Wata rana da kaka, an tafi yankan gero, unguwa ta yi tsit, Iliyasu ya gama zuba akwatin ƙarshe yana jiran ya huce. Sai ya ji tsohon ya yi gyaran murya.

“Malam.”

Ya duba ko akwai wanda za a ba saƙo. Babu kowa. Ya ajiye awartaki, ya zo ya durƙusa daga gefe.

“Ran nan da ka zo ka durƙusa a gaban baƙi. Ba sannu ka zo yi min ba.”

“A'a, Baba.”

“To faɗa min abin da ka zo faɗa.”

Sai Iliyasu ya faɗa. Ya faɗi rashin nauyin, da kumfar tsamin, da sunan ƙarfen, da yadda yake kamawa, da abin da ruwa yake yi masa. Ya ce shi ne ya kai su bayan rumbu, ba ɓarayi ba, shi ne ya tara yashin, shi ne ya ja kwamin. Maganar ta fito sarai, a jere, kamar yadda yake yi wa shugabansa bayani a da, kuma ba ta ɗauki lokacin da za a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Wannan gajartar tata ita ce ta fara yi masa ciwo. Tsohon yana ji yana gyaɗa kai, kamar mai koyon karatu.

Can wata akuya tana kuka a bayan katanga.

“Da ka faɗi wannan a gaban su Iro,” in ji tsohon a hankali, yana nufin abokan nan nasa, “da na zage ka. Wallahi da na zage ka tas. Wataƙila ma da na ce ka kwashe kayanka ka bar min gida.”

“Na sani, Baba.”

“Da na yi shekara ina harararka.”

Ya faɗi haka ba da faɗa ba, ya juyo da fuskarsa don ya fuskanci surukinsa. Sai dai bai dace ba, ya ɗan zarce, fuskar ta tsaya tana kallon tarin gawayi. Iliyasu ya dubi wannan fuska, karo na farko tun da ya auri 'yarta ya dube ta sosai, ga tabo, ga fatar ido a manne. Abin da ya mutu a ƙirjinsa ya motsa, kuma da zafi ya motsa. Ya ja gwiwa a ƙasa, ya matsa, ya koma daidai inda tsohon yake kallo.